Rawar Gargajiya: Mu Zubar Ko Mu Gyara?

A bara, muna cikin shirin ranar al'adu, sai wani uba ya zo ya cire 'yarsa daga ƙungiyar rawa. Ya ce mini, "Malam, karatu na kawo ta, ba bori ba." Na girmama shi, amma ban yarda da shi ba. Ga dalilina.

A kudancin Italiya akwai wata rawa da ake kira tarantella, wadda ake danganta sunanta da garin Taranto. Mutanen dā sun gaskata cewa in wani gizo-gizo ya ciji mutum, ba magani sai a kira makaɗa su yi ta kiɗa mai sauri, shi kuwa ya yi ta rawa har ya faɗi, wai dafin ya fita da gumi. Wanda ya san bori ba zai yi mamakin wannan ba.

Da ilimi ya yaɗu, camfin ya mutu, amma rawar ta rayu. A 1835 Rossini ya fitar da waƙarsa La Danza a kan wannan kiɗa. A 1841 Chopin, mutumin Poland, ya tsara nasa don fiyano. A 1842 Bournonville ya sa ta cikin Napoli, wasan rawar bale da aka nuna a Denmark. Tun 1998 kuma ake yi mata babban biki a garin Melpignano. Sun zubar da dusa, sun riƙe tsaba.

Mu fa? A 1977, lokacin FESTAC, duniya ta taru a nan Kaduna don kallon hawan daba. Muna da bikin Afan a Kagoro kowace ranar 1 ga Janairu, da Tuk Ham a Kwoi, da koroso ta Kano, da gaɗar 'yan mata. Duk da haka ɗalibanmu na Kawo da Malali da Unguwar Rimi sun iya rawar da suke gani a waya, amma da yawa ba su san sunan gangar kakansu ba.

Ban ce kowace rawa ta dace ba. Akwai wadda ke haɗe da tsafi, ko shan giya, ko batsa. Wannan mu bar ta. Amma Maryamu ta ɗauki ganga ta yi rawa bayan an haye teku, Dawuda kuma ya yi rawa gaban Akwatin Alkawari. Iyayenmu na Zumuntar Mata ma, ina suka samo tulun da suke bugawa, in ba daga gida ba? In kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja.

Shawarata ita ce, kowane ɗalibi in ya je hutu ya tambayi tsofaffi rawa guda: sunanta, lokacin yin ta, da ma'anarta, ya rubuta ya kawo. Malamai da iyaye su zauna su tace, sa'an nan a ba mu awa ɗaya a mako mu koyar. Tsofaffin suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Shi kuwa wancan uba, na ajiye masa kujera a layin gaba bana. Allah ya ba mu hikima.