Kafin mu sayar da tsohuwar kwamfuta a kilo, mu buɗe cikinta

A makarantar da nake koyarwa a nan Kumasi muna da ɗakin da muke kira ɗakin kwamfuta, amma gaskiya ya fi kama da sito. Kwamfutoci bakwai ne a ciki, tsofaffi da aka ba mu kyauta, biyu kaɗai ke tashi. Yara sama da arba'in ke taruwa a kan biyun nan, sai yaro ya gama shekara hannunsa bai taɓa linzamin kwamfuta ba, kuma a ƙarshe jarrabawar BECE na jiransa.

Da hedimasta ya ce a kira masu sayen tsoffin ƙarafa su kwashe biyar ɗin, sai na roƙi a ba ni mako guda. Na ɗauki ɗaya na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a bakin kasuwa. Ya kwance murfin, ya haska babban allon da tocila, ya ce, "Malam, matso ka ga ciwon." Wasu 'yan ƙananan gwangwanaye ne a tsaye kusa da firosesa, ana ce musu kafasita. Mai lafiya kansa a shafe yake. Waɗannan kuwa sun kumbura, wasu har sun zubo da wani abu kamar tsatsa.

Aikin kafasita shi ne ya riƙe wuta kaɗan ya daidaita ta kafin ta isa inda ake bukata. Akwai ruwan sinadari a cikinsa, zafi na busar da shi a hankali. In ya gaji, sai kwamfuta ta riƙa sandarewa, ko ta kashe kanta, ko ta ƙi tashi sam. Tsakanin 1999 da 2007 an yi ta samun wannan matsala a duniya, saboda wasu masana'antu sun yi amfani da gurɓataccen sinadari. Irin kwamfutocin wancan zamani kuwa, da yawansu nan Afirka suka ƙare.

Baba ya narkar da dalma, ya cire guda shida, ya sa sababbi. Ya nuna min ƙa'idar: lambar mikrofarad ta zama daidai da ta tsohon, bolt kada ya gaza, ya fi ba laifi. Akwai layi a gefen kafasita da ke nuna ƙafar negatif. Ka juya shi, fashewa zai yi. Kuɗin kayan bai kai na katin wayar da nake sa a mako ba. A cikin biyar, uku sun tashi. Sauran biyun ya ce ciwonsu ya wuce nan, kada mu ɓata kuɗi.

To, abin da ke damuna shi ne, mun saba jiran mai ba da kyauta. Abu ya tsaya, sai mu ce ya mutu, mu zauna rubuta takardar roƙo. A 2018 duniya ta ga hoton wani malami a yankin Ashanti yana zana Microsoft Word da alli a kan allo don ba su da kwamfuta. An yaba masa, kuma ya cancanta. Amma makarantu nawa ne ke da tasu a kulle, kafasita shida kaɗai ya raba su da yara? Wadda muka sayar a kilo kuma mun san makomarta. Kowa ya ji labarin Agbogbloshie a Accra, inda matasa, da yawansu 'yan arewa, suka shekara suna ƙona waya don ciro tagulla suna shaƙar hayaƙi, har aka rushe wurin a 2021.

Wani zai ce tsohuwar kwamfuta ba ta ɗaukar sababbin manhajoji. Haka ne. Amma yaron da ke koyon buga rubutu da adana fayil, wannan ta ishe shi. Da babu gara ba daɗi.

Sai dai a kiyaye: ban ce kowa ya ɗauki sukudireba ba. A zare wuta kafin a taɓa komai, akwatin wutar da ke ciki kuwa a bar wa masu sana'a, don yana riƙe wuta ko bayan an kashe.

Kirana ga hedimastoci da kwamitin iyaye shi ne, kafin a kira mai sikeli, a kira mai gyara. Mu dai yanzu biyar ke aiki. Ranar Asabar kuma ɗalibaina biyu na zuwa shagon Baba koyon riƙe dalma, da izinin iyayensu.