Jaridu Sun Yawaita, Majiyarsu Ɗaya

Duk mai bibiyar kafofin watsa labarai a Kano ya san wannan: ka buɗe jaridu biyar, ka saurari gidajen rediyo uku, labarin ɗaya ne, wani lokaci har kuskuren rubutun ma iri ɗaya. Galibi sanarwar da wani kakakin gwamnati ya turo ta WhatsApp ce kowa ya kwafa, ya sa sunansa a kai.

A watan Mayun 2024, da rikicin sarautar Kano ya ɓarke, 'yan jarida sun yi dafifi a unguwar Nassarawa, tsakanin Gidan Gwamnati da gidan sarki na Nassarawa, inda Aminu Ado Bayero ya sauka. Ba laifi ba ne, labari ne babba. Amma jihar nan ƙananan hukumomi 44 gare ta. Wa aka tura Doguwa ko Kunchi ya ji halin da manoma da asibitocinsu ke ciki?

Cike irin wannan giɓi shi ne aikin kamfanin dillancin labarai: ya ajiye wakili inda jarida ɗaya ba za ta iya ɗaukar nauyinsa ba, kowa ya saya ya gina nasa a kai. Don haka aka kafa NAN a 1976, ya fara aiki a 1978. Don haka kuma ƙasashen Afirka suka kafa PANA a 1979, wanda tuni tauraronsa ya dusashe. NAN na nan, sai dai gwamnati ke naɗa shugabansa, ita ke biyan albashi, kuma mai ba ka abinci ba ka faɗa masa baƙa. Jaridun da ya kamata su riƙa sayen labaransa kuwa, kuɗin tallarsu sun koma Facebook da Google. Da Muryar Amurka ta yi shiru a Maris ɗin 2025, sai muka ga irin dogaron da Arewa ke yi da wakilan kafofin waje.

Ra'ayinmu shi ne Majalisar Tarayya ta gyara dokar NAN, ta ba shi hukumar gudanarwa mai zaman kanta. Amma kada masu jaridu da gidajen rediyon Arewa su zauna jiran Abuja. Jaridun birnin New York ne suka haɗa kuɗi a 1846 suka kafa Associated Press. Namu ma za su iya yin karo-karo su ajiye wakilai a ƙananan hukumomi, ko da goma ne a fara.