Ma'aikatan lise: da ruwan ciki ake jan na rijiya

Duk shekara, in an fito da sakamakon jarrabawar BAC, gari yakan ɗauki guɗa. Uwaye su yi walima, magabata su yi jawabi a rediyo, a yaba wa yaran da suka ci, a jajanta wa waɗanda suka faɗi. Amma da wuya a ji wanda ya tambaya su wane ne suka yi wata tara suna ɗawainiya da waɗannan yara, kuma a cikin wane hali suka yi ta.

Lise aji uku ce. Yaro yakan shige ta bayan ya yi shekara huɗu a koleji ya samu BEPC, ya fita daga cikinta zuwa jami'a, ko aikin gwamnati, ko kasuwa. Makarantu irin su Amadu Kuran Daga a Damagaram, Ɗan Baskore a Maraɗi, Agabba a Tawa da Isa Korombe a Yamai sun yaye likitoci da alƙalai da manyan ma'aikata masu yawa. Ba siminti da kwano suka yaye su ba, mutane ne.

Na farkonsu shi ne malami. Masu cewa aikin mushe hutu ne, awoyin da yake tsaye gaban allo kawai suke ƙirgawa. A ƙaddara malamin lissafi yana da aji biyar, kowane aji ɗalibi saba'in. Duk gwajin da ya ba su, takarda 350 ce zai kai gida, ya bi ta layi-layi da jan biro, sau da yawa da dare, bayan ya shirya darasin gobe. Wannan aiki ba ya cikin jadawali, ba kuma mai ganinsa sai iyalinsa.

Bayan malami akwai waɗanda ba a ambata a jawabi. Akwai mataimakin shugaban makaranta, mai raba awoyi da azuzuwa don kada malamai biyu su haɗu a ɗaki ɗaya. Akwai mai kula da ɗa'ar ɗalibai, wanda ya san yaron da ya yi kwana uku bai zo ba, shi ne kuma kan fara lura in an cire yarinya za a yi mata aure. Akwai ma'aji mai neman alli da takarda, da sakatare mai rubuta sunayen masu jarrabawa, wanda kuskuren harafi ɗaya a hannunsa kan sa ɗalibi ya yi wata da watanni yana yawon ofisoshi. Akwai masinja, da mai shara, da mai gadi da ke kwana da teburori da littattafai lokacin da kowa ya tafi hutun damina. Ranar da ɗaya daga cikinsu bai zo ba, ranar ake sanin amfaninsa.

Nijar ta riga ta ga abin da ke faruwa in aka yi sakaci da waɗannan mutane. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka buɗe wa ɗalibai wuta a gadar Kennedy a Yamai, suna zanga-zanga kan halin karatunsu, kuma jinin nan na cikin abin da ya kai ƙasar ga Babban Taron Ƙasa na 1991. Dimokuraɗiyya ta zo, amma baitulmali wayam. Ma'aikata suka riƙa bin gwamnati bashin albashi na watanni. A Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, farashin kayan waje ya tashi, ɗan abin da ke hannun malami ya narke. Yajin aiki ya bi yajin aiki, har aka saba da kalmar farar shekara, wato shekarar da ta wuce ba karatu ba jarrabawa. Daga 1998 aka fara ɗaukar malaman sa-kai a kan kuɗi kaɗan, tsarin da ya rikiɗe ya zama na kwantiragi, aka kuma dogara ga ƴan bautar ƙasa wajen cike giɓi a koleji da lise. An ƙara azuzuwa, gaskiya ne, amma malanta ta zama zangon da matashi ke yada wa kafin ya samu abin da ya fi.

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Malamin da mai gida ke ƙwanƙwasa wa ƙofa don kuɗin haya zai nemi awoyi a makarantar kuɗi, ya zo ta gwamnati a gajiye. Mai gadin da bai ga albashi ba zai nemi wani aikin da rana, ya yi barci da dare. Ba a kare malamin da ke gudun aji ko mai sayar da maki ba. Irin wannan ya cancanci hukunci. Sai dai hukumar da ba ta biya kan lokaci ba ta da bakin tsawatawa.

Abin da ake bukata ba boyayye ba ne. A biya kowa a ƙarshen wata, ɗan kwantiragi da cikakken ma'aikaci rana ɗaya. A buɗe wa wanda ya daɗe yana koyarwa hanya sananniya ta zama cikakken ma'aikaci. A sa ƙananan ma'aikata cikin kasafin kuɗi da sunayensu, kada a bar su ga karo-karon uwaye.

Ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati ma suna da nasu kaso. Da yawansu sun kwashe ƴaƴansu zuwa makarantun kuɗi, sun daina zuwa taron ƙungiyar uwayen ɗalibai, ta haka lise ta gwamnati ta rasa masu murya. Amma akawun da zai riƙe littafin kanti, da jami'in kwastan da zai duba kaya a Ɗan Isa ko Birnin Ƙonni, da ungozomar da za ta karɓi haihuwar jika, mafi yawansu daga can za su fito. Wanda ya bar makarantar talaka ta lalace, zai gamu da sakamakon a asibiti da ofis da kasuwa, ko da ɗansa a Faransa ya yi karatu.