Gani Bai Kori Ji Ba: Hoton Asibiti da Muryar Mai Ciwo

A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta karrama Togo a matsayin ƙasa ta farko da ta kawar da cututtuka huɗu daga cikin waɗanda duniya ta daɗe da yin watsi da su: kurkunu, da tundurmi, da ciwon barci, da ciwon ido na tirakoma. Wannan aiki ya ratsa hannun ma'aikatan jinya da masu bi gida-gida a garuruwa irin su Pagala ta yankin Blitta, da Sokode a tsakiyar ƙasar, da Dapaong kusa da iyakar Burkina Faso. Ya cancanci a adana tarihinsa da hotuna, kuma a ganina duk hoton da za a ɗauka ya kamata ya zo da muryar wanda ke cikinsa, a harshen da ya zaɓa.

Ba a musun ƙarfin hoto. A 1951 mujallar Life ta Amurka ta buga hotunan da W. Eugene Smith ya ɗauka na wata ungozoma, Maude Callen, tana yi wa talakawan karkara hidima a Karolaina ta Kudu. Masu karatu suka yi ta aiko da gudunmawa har aka gina mata ɗakin shan magani. Sai dai mai karatun wancan zamani bai ji muryarta ba, domin takarda ba ta ɗaukar sauti. Yau wayar hannu guda tana ɗaukar hoto da murya, don haka uzuri ya ƙare.

A nan ne ɗalibin Hausa yake da abin yi. Sokode gari ne na Tem, waɗanda ake kira Kotokoli, Dapaong kuma na Moba, amma Hausa ta zauna a zanguna da kasuwanni tun zamanin fatauken goro masu bi ta Sokode zuwa Gwanja. Idan majinyaci ya zaɓi ya yi magana da Hausa, sai a bar shi da ita, a sa fassarar Faransanci a ƙasan hoton.

Fassarar ma tana buƙatar wanda ya san al'ada. A tambayi Bahaushe kwance a gadon asibiti, “Yaya jiki?” zai ce, “Da sauƙi,” ko da ciwon ya ci ƙarfinsa. Wanda ya fassara wannan da cewa ya warke ya yi wa hoton ƙarya, domin amsar ta ladabi ce da tawakkali, kuma raunin muryar ne ke faɗin sauran. Haka mace ke cewa tana da “juna biyu”, a ce kuma “ta sauka” idan ta haihu. Kunyar da ke cikin waɗannan kalmomi ba ta fitowa a hoto. Kada kuma mai rubuta maganar ya mayar da ita Kananci. An san Hausar zangunan Gana da rashin bambanta “ya” da “ta”. In ɗalibi ya ji irin haka a Togo, ya rubuta yadda ya ji, domin shaida ce ga masu nazarin karin harshe.

Wani zai ce murya tana tona asiri fiye da hoto, tun da ana iya ɓoye fuska amma maƙwabci ya gane murya. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa neman izini ya wuce dangwala yatsa a takardar da mutum bai iya karantawa ba. A yi masa bayani da harshensa, a nuna masa hoton, a kunna masa muryarsa ya ji kafin a fitar. In ya ƙi, a ɗauki hannun ma'aikaciyar jinya tana ɗaure rauni, ita ta ba da labarin aikinta.

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Waɗanda suka yi jinyar kurkunu a ƙafafunsu suna ta manyanta, kuma yaran da aka haifa bayan 2011, shekarar da aka tabbatar Togo ta rabu da shi, sai dai su ji labarinsa. Ɗalibin da ya samu dattijo ɗaya a zangon Sokode, ya ɗauki hotonsa da muryarsa bisa yardarsa, ya kuma rubuta maganar daidai, ya yi wa tarihin lafiya da nazarin Hausa hidima lokaci guda.