ZAUREN 'YAN MATA: Farfaɗiya Ciwo Ce, Ba Abin Gori Ba

 

Yau maganar da nake tafe da ita mai nauyi ce, irin wadda ake rufe ƙofa kafin a yi ta. Daga Birnin Kudu har Gwaram, da wuya a sami unguwar da babu yarinyar da ake nunawa da baki ana cewa "ai tana faɗuwa". Da zarar ta faɗi sau ɗaya a aji ko bakin famfo, shi ke nan, ƙawaye sun dare, an ware mata kwano da moɗa, an cire ta daga makaranta. Saurayin da ya yi rantsuwar in ba ita ba sai rijiya, sai a neme shi a rasa. Haba jama'a! Me ta yi?

To bari ku ji yadda abin yake. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam da saƙonni take aiki, masu gudu kamar wutar lantarki. A cikinta akwai ƙwayoyin da aikinsu zuga ne, kamar totur a mota, akwai kuma waɗanda aikinsu tsawatarwa, kamar birki. Su masu birkin wani sinadari suke fitarwa mai suna GABA. Idan suka yi rauni ko suka mutu a wani sashe, sai saƙonnin su ɓarke gaba ɗaya, mutum ya faɗi yana jijjiga. Wahalar haihuwa na iya jawo haka, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko buguwa a kai, wani lokacin kuma ba a gano dalili. Yawu da kumfar bakin mai farfaɗiya ba sa sa wa kowa ciwon, wallahi ko kusa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ne ke da wannan ciwo a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun sami magani yadda ya dace. Saura kuwa, su ne waɗanda aka gwada musu magani kala biyu, suka sha bisa ƙa'ida, amma ciwon ya ƙi ji. Saboda irinsu ne masana suka shiga wani bincike mai ban mamaki: tunda birki ne ya lalace, me zai hana a dasa sabo?

A shekarar 2013, masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Firansisko a Amurka sun dasa irin waɗannan ƙwayoyi a ƙwaƙwalwar ɓeraye masu farfaɗiya, faɗuwarsu ta ragu ƙwarai. A 2022 kuma wani kamfani mai suna Neurona ya kai gwajin ga ɗan Adam, aka fara a wani asibitin jami'a a jihar Niyok. A ɗakin bincike ake rainon ƙwayoyin, sannan a huda ƙoƙon kai 'yar ƙaramar huda, a zuba su da siririyar allura a wani lungu da ke saitin kunne, inda yake ma'ajiyar tunawa. Mutum biyun farko, kamfanin ya ba da rahoton faɗuwarsu ta ragu da fiye da kashi 90 cikin 100. In magani ya ƙi ji, wani lokaci akan yanke wannan wurin, abin da kan iya taɓa tunanin mutum.

Amma fa kada a yi saurin guɗa. Gwaji ne, a kan mutane kaɗan, kuma na farfaɗiya iri ɗaya ne. Wanda aka yi wa sai ya shekara yana shan maganin rage ƙarfin garkuwar jiki don kada jikinsa ya ƙi baƙin ƙwayoyin. Duk wanda ya ce muku yana sayar da shi a kemis ko a kwalba, ɗan damfara ne.

Mu a nan, gaskiyar magana, yawancin wadda ake cewa "ciwonta ba ya jin magani" ba ta ma sha shi yadda ya kamata ba. Wata ta sha sati biyu, da ta ga sauƙi ta watsar. Wata kuɗi ne suka yanke. Wata kuwa hayaƙi da turare kawai ake ta yi mata shekara da shekaru, ba ta taɓa ganin likita ba. Addu'a ba ta hana shan magani. Ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya nan a Birnin Kudu, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Fenobabiton, Tegretol ko Epilim, kullum ake sha, kuma ba a dainawa sai da izinin likita.

'Yar'uwa mai shirin aure, ki saurara da kyau. Mai farfaɗiya tana aure, tana haihuwa lafiya. Sai dai ki gaya wa likita tun kafin ciki, domin Epilim yana iya cutar da jariri, sai a duba a canza miki. Kada kuma a ɓoye wa manemi, ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda ya ji ya tsaya, shi ne mijin. Wanda ya gudu, Allah ya raka taki gona.

In kuma ƙawarki ta faɗi a gabanki, kada ki gudu. Ki janye ta daga murhu, ruwa ko titi, ki sa mata ɗankwali a ƙarƙashin kai, ki juya ta ta kwanta a gefe, ki rufa mata zane. Kada a danne ta, kada a tura mata cokali, kada a ɗura mata ruwa. In jijjigar ta wuce minti 5, a yi asibiti da ita maza.

Nan zan dakata. Ina jiran wasiƙunku kamar kullum. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.

Taku har kullum, 'yar'uwarku ta Zauren 'Yan Mata.