Daga Teburin Malam: Tsabtace Kabad ɗin Littattafai

Iyaye da 'yan'uwana malamai, zancenmu na wannan wata a kan kabad ɗin littattafai ne na makaranta. Makarantu da dama a nan ƙasar Gobir, daga Sabon Birni har Isa, suna da irinsa a ofishin hedimasta, cike maƙil, kuma in baƙo ya zo shi ake fara buɗe masa. Amma in mutum ya sa hannu ya ciro littattafan ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa zai tarar rabinsu ba su da sauran aikin da za su yi wa yaro. Waɗansu ma cutarsa za su yi.

Mu Hausawa muna jin nauyin jefar da takarda mai rubutu, kuma hali ne mai kyau. Ga shi littafi ya yi tsada. Duk da haka ina cewa a rage, domin yaro yana gaskata abin da ya gani an buga fiye da abin da malam ya faɗa masa da baki.

Ɗauki littafin labarin ƙasa. Wanda aka buga tsakanin 1967 da 1976 zai nuna wa yaron Isa cewa yana Jihar Arewa maso Yamma. Wanda aka buga bayan 1976 zai ce Jihar Sakkwato, daidai ne, amma zai haɗa masa da Birnin Kebbi da Gusau, alhali Kebbi ta fita a 1991, Zamfara kuma a 1996. Yau mutumin Isa in ya tafi cin kasuwar Shinkafi ya shiga wata jiha ke nan, tsohuwar taswira kuwa ba ta san da wannan ba. Haka za ta ce masa Legas ce babban birnin ƙasa, ko da yake gwamnati ta koma Abuja tun Disamba 1991, ta lissafa masa jihohi 12 ko 19 maimakon 36. Yaro ya haddace wannan da ƙwazo, ya shiga jarrabawa, ya faɗi, a ce ba ya karatu. Littafin lissafi mai fam da sule da kwabo goma sha biyu a sule ɗaya shi ma haka ne, tun da naira ta shigo a Janairu 1973.

Inda abin ya fi damuna shi ne littattafan kiwon lafiya, gama waɗannan ba a aji kaɗai suke tsayawa ba, yaro yakan kai maganarsu gida. Tsohon littafi zai ce kulorokwin ne maganin zazzabin cizon sauro, alhali tun 2005 Nijeriya ta sake magani saboda ciwon ya daina jinsa. Wani zai ce in maciji ya sari mutum a tsaga wurin da reza a tsotse dafin, abin da likitoci suka hana, gama gaggawar kai shi asibiti ita ce taimako. Uwar da ba ta yi karatu ba, in ɗanta ɗan aji shida ya ce "haka aka rubuta a littafin makaranta", za ta bi. Irin wannan ko da bangonsa yana ƙyalli kamar jiya aka saya, a fitar da shi.

Sai kuma waɗanda jikinsu ya ƙare. Gara ba ta tsayawa a littafi ɗaya. Wanda ruwan damina ya jiƙa ya yi fumfuna zai shafa wa na kusa da shi. A shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi yankinmu, musamman daga 2020, makarantu da yawa sun zauna a kulle wata da watanni, gara da ɓeraye suka ci karensu ba babbaka. Duk makarantar da aka sake buɗewa, a fara da kabad. Littafin da bango kawai ya ɓalle, allura da zare da ɗan kwali sun ishe shi, manyan yara ma za su iya ɗinkewa. Wanda shafi ashirin suka ɓace daga tsakiyarsa kuwa, riƙe shi wahalar da yaro ne.

To, kada wani ya ji wannan ya tafi ya share kabad bisa ga shekarar bugu. Tsufa dabam, mutuwa dabam. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya fito a 1934, Magana Jari Ce ta biyo bayansa a ƙarshen shekarun 1930, har yau kuwa ba abin da ya fi su jan yaro zuwa karatun Hausa. Ƙamus na Bargery, shi ma na 1934, in makaranta tana da shi ta riƙe da hannu biyu. Duk littafin da ya ba da labarin Bawa Jan Gwarzo, ko faɗuwar Alkalawa a 1808, ko dangantakar Sabon Birni da Tibiri ta ƙetaren iyaka, wannan tarihin ƙofar gidan yaranmu ne, samun wani kuwa da wuya. Ko tsohuwar taswirar nan, a ajiye guda ɗaya a hannun malamin tarihi, a rubuta mata shekararta da manyan baƙaƙe. Abin da zan fitar ba tare da jin komai ba shi ne kwalayen nan na kyauta daga Ingila da Amurka, masu koyar da noman da ba a yi a ƙasar gero da dawa, waɗanda ba wanda ya taɓa buɗewa.

Kada malami ɗaya ya yi aikin nan shi kaɗai. Littafin makaranta dukiyar jama'a ce, gobe kuma wani zai ce malam ya kwashe ya sayar. A zauna da hedimasta da mutum ɗaya daga kwamitin iyaye, a rubuta sunan kowane littafi da dalilin fitar da shi a rajista, su sa hannu. Hutun rani ya fi dacewa, kafin ruwa ya sauka. A kakkaɓe ƙurar hunturu, a ɗaga kabad daga ƙasa, a janye shi daga bango, a zuba busasshen ganyen dogon yaro a bayan littattafan.

Saura inda za a kai waɗanda aka fitar. Masu kuskure da waɗanda gara ta ci, a ƙone su, don in aka raba wa yara sun koma gida da kuskuren ke nan. Tsohon Littafi Mai Tsarki, ko da fassarar 1932 ce, in yana karantuwa akwai tsofaffi a ikkilisiya da suka saba da Hausarsa, za su karɓa da murna. Wanda ya yage sarai, shi da littattafan waƙoƙin sujada, a binne su a wuri mai tsabta. Kada ko shafi ɗaya ya kai hannun mai ƙosai ko mai tsire. Maƙwabtanmu Musulmi ba sa barin takarda mai sunan Allah a ƙasa, in suka ga tamu an naɗe nama da ita za su tambaya daga wace makaranta ta fito.