Kafin ranar tiyata, a fara auna jini

Yau zancen nawa kan ƙarancin jini ne, musamman ga wanda likita ya ce sai an yi masa aiki, ko na gwaiwa, ko na ƙari a mahaifa, ko cire jariri.

Masana lafiya sun daɗe suna cewa kusan mutum 1 cikin 3 da ke zuwa babbar tiyata yana da ƙarancin jini, kuma da yawa ba su sani ba. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne sinadarin himogulobin: ƙasa da 13 ga namiji, ƙasa da 12 ga mace, ƙasa da 11 ga mai juna biyu. Wanda ya shiga ɗakin aiki da ƙasa da haka ya fi fuskantar buƙatar ƙarin jini, da jinkirin warkewa, da daɗewa a gadon asibiti.

Me ke cinye jinin? Zazzaɓin cizon sauro da ke maimaituwa, tsutsar ciki, basir mai zubar da jini, gyambon ciki, yawan jinin al'ada, haihuwa kusa da kusa, da sikila. Sai kuma rashin sinadarin ƙarfe a abinci. Mu 'yan kasuwa mun saba da shayi da burodi a tasha, alhali shayi a kan abinci yana rage wa jiki tsotsar wannan sinadari.

Ga inda abin ya fi shafarmu. A asibitoci da yawa, in za a ƙara wa mara lafiya jini, danginsa ake cewa su kawo masu bayarwa. Wanda ke Kumasi ko Duwala ko Njamaina, danginsa na Kano ko Maraɗi, wa zai kira da tsakar dare? Sai 'yan zango da abokan rumfa.

Shawarata ita ce, ranar da aka ambaci tiyata, ka roƙi a auna jininka a ranar, kada a bari sai ana gobe. Ƙwayar ƙarin jini tana buƙatar makonni kafin ta yi aiki, ba kwana biyu ba. A nemo sanadin a magance shi. A ci hanta, nama, kifi, wake, zogale da alayyahu, a haɗa da lemun zaƙi, a jinkirta shayi. Lemun malt da madara da ake yawan ba marasa lafiya ba ya maye gurbin magani. Duk wani jiƙo ko asfirin da kake sha, ka faɗa wa likita.

Maigida, ka duba uwargida: yawan gajiya, jiri, haki da farin tafin hannu ba lalaci ba ne. Shugabannin zango kuma su san rukunin jinin matasanmu masu lafiya tun kafin buƙata ta taso. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.